Lambar da Mista Yohanna Ya Bari a Sama Road

Cikin duk ranakun da na yi a aikin waya, wadda ban taɓa mantawa da ita ba wata Lahadi ce da la'asar, ranar da na karya dokar aiki a gaban sufabaizana. Amma kafin in kai ga Lahadin sai na koma baya kaɗan, domin yawancinku, ku ma'aikatan waya na yanzu, ba ku ga irin wayar da muka yi wa aiki ba.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa. Sakkwato ta cika da 'yan kwangila da sababbin ofisoshi, kowa yana son tarho a gidansa, layukan kuma ba su kai ba. A wancan lokaci lamba a jikin gida take, ba a jikin mutum ba. Waya ce ake jawowa daga ofishinmu har ɗakinka. A ofis kuma akwai wani babban allo mai ramuka, kowane rami da 'yar fitilarsa, kowane rami lambar wani gida ce. In ka ɗaga kan waya a gidanka sai fitilarka ta kama, afareta ya soka igiya ya tambaye ka wa kake nema, sannan ya haɗa ku. Ni a lokacin afareta ne mai mataki na biyu. Kwana uku a mako ina kan allo, sauran kwanakin ina teburin rajista, inda ake karɓar takardun masu neman layi. Sama da ni akwai sufabaiza, Malam Bello, sama da shi kuma manaja. Muna da wani tsari tsakaninmu wanda ba a rubuce yake ba: abokan aikinmu Kirista su riƙe allo ranar Juma'a, mu Musulmi mu riƙe ranar Lahadi. Shi ya sa kusan kowace Lahadi ina bakin aiki.

Wata Litinin da hantsi wani mutum ya shigo teburin rajista, dogo, siriri, da tabarau, hannun rigarsa duk alli. Ya ce sunansa Yohanna, malamin kimiyya ne a wata sakandare ta gwamnati, mutumin Filato ne amma ya kusa shekara goma a Sakkwato. Gwamnati za ta tura shi Ingila ƙaro ilimi na shekara biyu. Yana da layi a gidansa da ke Sama Road, ya zo ne ya ji yadda za a yi a bar masa lambarsa har ya dawo.

Na gaya masa abin da na sani. Duk wanda zai bar ƙasa fiye da wata shida, ana karɓe layinsa a ba na gaba a jerin masu jira, in ya dawo ya sake cika fom ya bi layi. Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce ba shi kaɗai ne a gidan ba, akwai mahaifiyarsa. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, ba su samu haihuwa ba, shi ne ya ɗauko tsohuwar daga ƙauye ta zauna da shi. Ya yi ya yi ta koma gida kafin ya dawo, ta ƙi. Ta ce waɗanda ta sani can sun mutu, ɗakinta ma ya rushe, kuma a nan ne ake duba mata ƙafa a asibiti. Ba ta iya karatu ba, wasiƙa sai an karanta mata. In babu waya, shekara biyu ba za ta ji muryarsa ba.

Na kai shi wurin Malam Bello. Malam Bello mutum ne mai ƙarancin magana, ya saurare shi har ya gama, sannan ya dube ni ya ce, "Umaru, tai ka ɗauko littahin doka." Muka yi ta buɗa shafi har muka samu wani sakin layi da ban taɓa lura da shi ba: in akwai wani na cikin gidan da zai tsaya a matsayin wakili, ya sa hannu a gaban ma'aikaci, ana iya barin layin da sunan mai shi. Mista Yohanna ya biya kuɗin hayar layin na shekara biyun nan take, aka ce in je gidan in karɓo sa hannun wakiliya.

Washegari na hau kekena na tafi. Gidajen ma'aikata na wannan yanki a lokacin nesa-nesa suke da juna, kowanne da shingensa da itatuwan dogon yaro, da safe kowa ya fita aiki sai unguwar ta yi tsit. Na tarar da tsohuwar zaune a baranda tana tsince acca a faifai. Sunanta Saratu, amma Mama kowa ke ce mata. Gajeruwa ce, ƙafarta ta hagu a kumbure, Hausarta irin ta mutanen can ce, tana yi tana haɗawa da yarensu. Ta dangwala yatsa a takarda, ta daɗe tana duban tawadar da ta rage a yatsan. Sai ɗanta ya roƙe ni in koya mata wayar, domin tun da aka sa ta ba ta taɓa taɓa ta ba. Na nuna mata inda ake sawa a kunne da inda ake magana. Na ce in ta ji ƙararrawa ta ɗauka kawai, in kuma ita ke son wani abu ta ɗaga ta jira, wani zai amsa daga ofis. Ta tambaye ni ko ni ne zan amsa. Na ce wani lokaci ni ne. Ta ce to, ta gane.

Suka yanke cewa zai riƙa kira Lahadin farko ta kowane wata, ƙarfe huɗu na yamma, bayan ta dawo daga coci ta huta.

Kiran waje a lokacin ba ƙaramin aiki ba ne. Shi can zai je ya yi rajistar kira tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Afaretan can ya nemo Legas, Legas ta nemo Kaduna, Kaduna ta nemo mu, mu kuma mu kaɗa wa gidan ƙararrawa. In wuri ɗaya ya yanke, duka ya rushe. In an dace an haɗa, minti uku ne. Ranar kiran farko ni ke kan allo. Doka ta ce afareta ya saurara na ɗan lokaci ya tabbatar suna jin juna, sannan ya fita daga layi. Na ji Mama ta ɗauka tana ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi. Ta gaishe shi, ta tambayi gajiyar hanya, ta tambayi mutanen gidan da ya sauka, ta tambayi ko yana cin abinci, shi kuma yana ta cewa Mama lokaci, Mama lokaci. Na zare igiyata ina dariya ni kaɗai.

Wata uku aka yi lafiya. Da damina ta kankama sai layin Kaduna ya fara ba mu wahala, iska ta kayar da turakun waya, masu gyara su kwana biyu a daji. Lahadin farko ta wata na huɗu ƙarfe huɗu ta yi, huɗu da rabi ta yi, ba kira. Ƙarfe biyar sai fitilarta ta kama. Na soka igiya, na ji numfashinta kafin ta yi magana. Ta ce, "Ɗana, kai ne? Bai zo ba?" Na ce layi ne ya yanke a hanya, ba daga shi ba ne, yana can yana nema. Ta ce to. Ba ta ajiye ba. Can ta ce tun da ta dawo coci take zaune a kujerar kusa da wayar, ko zanenta na coci ba ta sauya ba. Na ba ta haƙuri, na ce in layi ya dawo ni da kaina zan kaɗa mata. Bai dawo ba sai Laraba, shi kuma damarsa ta wuce sai wani watan.

Daga nan ne ta fara ɗaga waya ko ba ranar kira ba. Yawanci da hantsi, lokacin da unguwa ta watse. In wani ne kan allo sai ta ce tana gwadawa ne ta ji ko wayar na da rai, ta ajiye. In ni ne sai ta ɗan tsaya. Doka ta hana afareta hira da mai layi, kuma da gaskiyar dokar, domin kana hira fitila goma na jiranka. Sai na koyi yi mata magana a gutsure. In amsa mata, in ce Mama dakata, in haɗa wani, in dawo in tarar tana nan. Ba wata magana ce mai nauyi ba. Zafin Sakkwato, wanda ta ce ko a shekara ɗari ba za ta saba da shi ba. Sanyin garinsu, inda ake kwana da wuta a ɗaki. Gwaten da ta dafa ya yi mata yawa, domin hannunta ya saba da awon mutum biyu. Matan zumunta na coci suna zuwa ranar Alhamis, in sun tafi kuma shirun gidan ya fi na da. Wata rana ta tambaye ni ko a Ingila akwai wanda zai yi wa ɗanta magana da Hausa. Na ce akwai ɗalibai 'yan Arewa da yawa. Ban sani ba ko akwai a garin da yake, na dai faɗa ne.

Malam Bello yana jin duk wannan, teburinsa na bayan kujerata. Sau ɗaya ya ce in riƙa taƙaitawa. Bai sake cewa komi ba.

Ana cikin haka sai wani ɗan kwangila ya gina gida a wannan titin. Ya nemi layi, injiniya ya ce kebul ɗin Sama Road ya cika, babu gurbi ko ɗaya. Bayan mako guda ya dawo da 'yar takarda daga wani babban ofis, irin takardar da a zamanin ba a mayar da ita. Manaja ya kira ni da Malam Bello, ya ce a duba layukan titin a ga wanda bai cika aiki ba. Ba sai an duba ba, kowa ya san wanne ne: mai shi ba ya ƙasar, kira ɗaya ke shigowa a wata. Na ce ranka ya daɗe, akwai wakiliya, ta sa hannu bisa doka. Manaja ya ce ya sani, amma shi ma akwai wanda ke samansa. Malam Bello ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa maganar ta shafi fassarar doka, kuma fassarar doka ba aikin ƙaramin ofis ba ne, kamata ya yi a tura fayil ɗin hedikwata a nemi shawara. Manaja ya dube shi ya daɗe. Dukanmu mun san fayil ɗin da ya tafi neman shawara ba ya dawowa a shekarar da ya tafi. Manaja ya ja takarda ya rubuta, ya sa hannu, ya ce in kai wa masinja. Ɗan kwangilar ya yi ta zarya, ana ce masa ana jiran amsa daga sama.

Haka muka ci shekara guda da wata huɗu.

Wani mako sai na lura fitilarta ba ta kama ba ranar Litinin. Talata ina teburin rajista, na tambayi wanda ke kan allo, ya ce bai gan ta ba. Laraba na kaɗa mata ƙararrawa da kaina, ba a ɗauka ba. Na ce wa raina ko waya ce ta lalace, na rubuta takardar gyara na ba Iliya, mai gyaran layin wannan yanki. Aiki ya yi masa yawa, bai samu zuwa ba sai Asabar da safe. Ya dawo ya same ni ya ce layi lafiyarsa lau, gidan ne a kulle. Maƙwabta sun ce tun Lahadi da ta dawo coci jiki ya rikice, mutanen cocinsu suka kai ta asibiti, ta rasu ranar Alhamis. Ana shirin binne ta a ranar nan ta Asabar da rana. Faston cocinsu ya buga wa ɗanta telegiram tun Juma'a.

Na nemi izini na tafi maƙabartar Kirista. Ban taɓa shiga ba sai ran nan. Na tsaya daga baya. Mutane ba su kai talatin ba, yawanci matan zumunta ne da malaman makarantar ɗanta. Babu danginta ko ɗaya, saƙo bai kai ƙauye a kan lokaci ba. Wata mata ta tambaye ni ko ni wane ne, na ce daga ofishin waya nake. Ta ce, a'a, kai ne Umarun nata.

Washegari ita ce Lahadin farko ta wata. Na zo aiki ina fatan abu biyu: ko telegiram ta riga ta same shi, ko layin Kaduna ya yanke. Layi kuwa ran nan garau yake kamar ba shi ba. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci Kaduna ta shigo, ta ce ga Legas da kiran waje. Afaretar Legas, wata mata, ta faɗi lambar da Turanci.

Abin da doka ta ce a fili yake. Ka kaɗa ƙararrawa, in ba a ɗauka ba ka ce ba amsa, ka rufe. Afareta ba ya isar da saƙo, ba ya faɗin abin da ya sani game da gidan mai layi, ko da gobara ce. An kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Na kaɗa. Na bari ta yi ta bugawa. Na ce wa Legas ba amsa. Sai na ji muryarsa daga can nesa, cikin shuuu ɗin layi, yana roƙon matar da Turanci a sake gwadawa. Sannan ya juya Hausa, domin ya san wani daga Sakkwato na iya jinsa. Ya ce, "Don Allah ku ƙara mata lokaci. Ƙafarta ce, tana daɗewa kafin ta taso." Muryarsa sakayau. Telegiram ba ta kai ba.

Na waiwaya. Malam Bello na tsaye bayana, ya ɗauki ɗayan abin sauraren ya sa a kunne. Bai ce yi ba, bai ce bari ba. Na yi tunanin in na ce ba amsa, mutumin nan zai koma ɗakinsa yana zaton layi ne, gobe ko jibi wani baƙo ya miƙa masa takarda mai kalma biyar a ƙasar da ba mai ce masa sannu da harshen da ya sani. Na buɗe makullin magana.

Na ce, "Mista Yohanna, Umaru ne na ofishin waya."

Ya ce, "A'a, Malam Umaru. Lafiya dai?"

Na ce Mama ta yi rashin lafiya tun makon jiya, an kai ta asibiti. Sannan na ce, "Sai haƙuri."

Bai yi kuka ba, ko in ya yi ban ji ba. Shuuu ɗin layin kawai nake ji. Afaretar Legas, da yake ba ta jin Hausa, ta shigo tana tambaya ko an haɗa ne ta fara lissafin lokaci. Malam Bello ya karɓe ya ce mata da Turanci har yanzu ana gwadawa, ta ɗan ƙara haƙuri.

Da Mista Yohanna ya yi magana, abu uku ya tambaya. Yaushe. Na faɗa masa. Wa ke wurinta. Na ce matan cocinsu ba su bar ta ita kaɗai ba, kuma an binne ta jiya, na je. Sai ya tambayi abin da ta ce mini a maganarmu ta ƙarshe. Na so in samo wata babbar magana in ba shi, amma babu. Na gaya masa gaskiya: ta ce ta soya gyaɗa ta zuba a kwalba, tana neman wanda zai tafi Ingila ya kai masa, ta tambaye ni ko na san wani. Can ya ce in sake kaɗa wayar sau ɗaya, yana son ya ji. Na kaɗa. Mu uku muna saurare tana bugawa a gidan da ba kowa. Ta buga kamar sau shida, ya ce ya isa, ya gode. Kafin Legas ta yanke ya ce, "Malam Umaru, kada ku ba kowa lambar nan tukuna."

Da na zare igiya na zauna ina jiran abin da zai biyo baya. Malam Bello ya ajiye abin sauraren, ya duba takardar kiran, ya ce, "Rubuta ba amsa. Ai ba a amsa ba." Ya koma teburinsa. Har ya yi ritaya bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu babu wakiliya, babu kuma sauran dabara. Gidan ma hukuma ta ba wani. Amma Malam Bello ya nuna wa manaja abin da mu 'yan ciki muka sani, na waje ba su cika sani ba: waya daban, lamba daban. Aka cire wayar daga gidan aka ja wa ɗan kwangila, aka ba shi sabuwar lamba, ya tafi yana murna. Ramin Mista Yohanna kuma aka toshe shi da farin toshi a kan allo, babu waya a bayansa, babu gidan da yake zuwa. Wata takwas yana nan haka. Bai sake kira ba.

Ya dawo bayan ya gama karatunsa. Ya shigo ofis wata Talata, ya ƙara ramewa, furfura ta fito masa. Ya ce daga maƙabarta yake. An mayar da aikinsa jiharsu, jibi zai wuce. Na kawo masa kujera da ruwa. Ya ce a garin da ya zauna babu ɗan Arewa ko ɗaya, sai ya yi mako bai yi magana da kowa ba in ba a aji ba. Bayan rasuwar, duk fom ɗin da aka ba shi a can, in aka zo wurin adireshin gida, lambar nan yake rubutawa, ko da yake ya san ba mai ɗauka. Ya ce bai san abin da zai rubuta ba in ba ita ba. Ya roƙi a nuna masa allon. An hana baƙo shiga ɗakin, amma Malam Bello ya buɗe masa ƙofa. Na nuna masa ramin. Ya tsaya yana kallo, ya ce ashe ɗan wannan abu ne. Sannan muka koma teburin rajista, ya cika takardar sakin lamba da hannunsa, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya. Ban sake ganinsa ba, ban kuma sake jin labarinsa ba. Bayan mako biyu aka ba wani mai injin casar shinkafa lambar.

Na ƙara shekaru masu yawa a aikin, har na zauna a kujerar Malam Bello, na kuma ba mutane takardar tuhuma a kan hira da masu layi, domin dokar tana da amfaninta. Amma ga abin da na riƙe, shi nake so ku ma ku riƙe. A makarantar horo an koya mana cewa aikinmu haɗa mai kira da wanda ake kira ne. Ba a gaya mana cewa da yawa daga masu ɗaga waya ba su da wanda za su kira ba. Kuma in mutum ya tsaya gaban teburinku zai bar ƙasa, yana roƙon a bar masa lambarsa, kada ku ce masa ai lamba lamba ce, in ya dawo ya karɓi wata. Kada ma ku matsa masa da tambayar dalili, domin mafi yawansu ba za su iya faɗa a gaban mutane ba. Ku ba shi kujera, ku ɗauko littafin doka, ku karanta shi har ƙarshe kafin ku ce ba zai yiwu ba.